Izinin Sanin Bayanan Na'ura a Ƙwayar Babbar Manhaja: Duba Daga Kankiya da Kusada

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar Katsina zuwa Kano ya yada zango a Kankiya, ko ya ratse zuwa Kusada ranar kasuwa, ba zai rasa ganin rumfunan masu cajin waya ba, da teburan masu gyara, da na samarin nan masu tura waƙoƙi da finafinai. A irin waɗannan wurare waya takan wuni a hannun wanda ba mai ita ba, wani lokaci kuma a ɗura mata manhajar da mai ita bai san asalinta ba. Tun daga 2001 da wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya, wannan ƙaramar na'ura ta tashi daga abin kiran 'yan'uwa ta zama ma'ajiyar kuɗi da hotuna da lambobin mutane, har da asirin ciniki.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana wata tambaya da ke ƙarƙashin duk wannan, wadda galibin masu waya ba su taɓa jin an yi ta ba. Tambayar kuwa ita ce: a cikin na'urar, wa ke da izinin sanin bayanan jikinta? Ana nufin bayanai irin su lambar da aka buga mata a masana'anta, da yawan cajin da ya rage a batirinta, da zafin jikinta, da yawan wutar da take sha. A ido waɗannan ƙananan abubuwa ne, amma masana sun shafe fiye da shekara ashirin suna jayayya a kansu, kuma hukuncin da suka yanke yana aiki a aljihun manomin Kusada kamar yadda yake aiki a manyan kwamfutocin Turai.

Ƙwaya da Ɓawo

Kowace kwamfuta da kowace babbar waya tana da babbar manhaja, watau tsarin umarnin da ke tafiyar da ita baki ɗaya. A tsakiyar wannan babbar manhaja akwai sashen da Turawa ke kira kanel. A bakin Bature furucin kalmar daidai yake da na Kanar ɗin soja, amma ba su haɗa komai ba. Ma'anarta ita ce ƙwayar da ke cikin ɓawo, kamar ta gyaɗa. Masu ƙirƙiro tsarin ma da gangan suka zaɓi wannan kamance, domin sashen da ke kewaye da ita, wanda mutum ke rubuta wa umarni, ɓawo suka sa masa suna. Saboda haka a nan za a riƙa kiranta ƙwaya.

Aikin ƙwaya shi ne ta tsaya tsakanin ƙarafan na'ura da sauran manhajoji. Manhajar ɗaukar hoto ba ta taɓa kyamara da kanta, haka manhajar banki ba ta magana da eriyar waya kai tsaye. Kowace sai ta miƙa buƙatarta ga ƙwaya, ita kuma ta duba wanda ya yi roƙon da abin da ya roƙa, sa'an nan ta biya ko ta hana. Ƙwaƙwalwar na'urar kanta an ƙera ta da matsayi biyu, na ƙwaya da na sauran manhajoji, ta yadda duk manhajar da ta yi ƙoƙarin tsallake wannan iyaka za a tsayar da ita nan take.

Tsarin gidan Bahaushe ya isa misali. Baƙo yakan yi sallama a ƙofar gida, a shigar da shi zaure. Wanda ya fi shi kusanci yakan wuce zuwa shigifa, ɗan gida ya kai har tsakar gida, amma turaka ta maigida ce. Ba katanga kaɗai ke tsare wannan tsari ba, akwai sanin wane ne wane. Ƙwaya ita ce mai amsa sallama, kuma ba ta da kunya ko kara: wanda ba a rubuta masa izinin wuce zaure ba, ko sau dubu ya yi sallama amsa ɗaya zai samu.

Ƙwayar da ta fi shafar mutanen Kankiya da Kusada ita ce ta Linux, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan. Mafi yawan masu amfani da ita a nan ba su taɓa jin sunanta ba, amma ita ce ke cikin kowace waya mai tsarin Android, ko Tecno ce ko Itel ko Infinix ko Samsung.

Lissafin Izini

Linux ta gaji tsarin izininta daga Unix, wadda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a 1969 a ɗakunan binciken Bell da ke Amurka. A wancan zamani kwamfuta ɗaya ce mutane da yawa ke tarayya a kanta, don haka tilas a san abin wane da abin wane. Suka ba kowane mai amfani lamba. Lamba 0 ita ce ta shugaba, wanda ake kira rut, watau saiwa, kuma shi ne maigidan da babu ƙofar da ke rufe a gabansa.

Dabarar da ta fi jan hankali a Unix ita ce ɗaukar kusan komai a matsayin fayil. Wasiƙar da mutum ya rubuta fayil ce, amma haka ma faifan ajiya da na'urar buga takarda da makirfo, duk an ba su sunaye a wani kundi mai suna /dev, ana buɗe su kamar yadda ake buɗe takarda. Amfanin wannan shi ne doka ɗaya ta wadatar. Kowane fayil yana da mai shi, yana da ƙungiyar da aka danganta shi da ita, sa'an nan akwai sauran jama'a. Kowane ɗaya daga cikin ukun nan ana iya ba shi izinin karantawa, wanda lambarsa 4, ko na rubutawa, wanda lambarsa 2, ko na aiwatarwa, wanda lambarsa 1. Ana tara lambobin a jera su uku. Fayil mai lamba 644, alal misali, mai shi yana karantawa yana rubutawa, domin 4 da 2 sun ba da 6, ƙungiya da sauran jama'a kuwa karatu kawai. Mai lamba 444 kowa ya karanta, ba mai rubutawa. Mai lamba 400 mai shi kaɗai ke karantawa.

Mai karatu ya riƙe waɗannan lambobi biyu na ƙarshe, 444 da 400, domin kusan duk rigimar da za a kawo a gaba tsakaninsu take. Ta farko tabarma ce da aka shimfiɗa a zaure, ta biyu akwati ne a turaka.

Bayan /dev akwai wasu kundaye biyu da ƙwaya ke baje bayanai a cikinsu. Ɗaya shi ne /proc, mai nuna ayyukan da ke gudana da halin sadarwa. Ɗayan shi ne /sys, wanda ya zo tare da Linux 2.6 a ƙarshen 2003, mai nuna kowane ƙarfe da ke jikin na'urar da halin da yake ciki. Fayilolin da ke cikinsu ba a rubuce suke a faifai ba. Duk lokacin da aka buɗe ɗaya, a sa'an nan ƙwaya ke tambayar ƙarfen ta kawo amsa.

A ɗauka ɗalibi a Makarantar Fasahar Kiwon Lafiya ta Kankiya ya zauna gaban kwamfuta mai Linux, ba a matsayin shugaba ba. Idan ya nemi sunan kamfanin da ya ƙera kwamfutar da samfurinta, za a nuna masa, domin waɗannan fayiloli 444 ne. Idan ya nemi lambar siriyal ta kwamfutar, wadda ke cikin kundi ɗaya da su, sai a ce masa ba shi da izini, domin ita 400 ce. Dalilin bambancin a fili yake. Samfuri ɗaya dubban mutane ke da irinsa, saninsa bai nuna kowa ba. Lambar siriyal kuwa ta na'ura ɗaya ce tak a duniya, ba ta canjawa, kuma duk wanda ya riƙe ta yana iya gane wannan na'ura a duk inda ta sake ɓullowa.

Lambar da Ba ta Gogewa

Tsoron lamba mai ɗorewa ya daɗe. A 1999 kamfanin Intel ya fitar da ƙwaƙwalwar kwamfuta mai suna Pentium III ɗauke da lamba ta musamman da manhajoji ke iya karantawa. Masu kare sirrin jama'a a Amurka da Turai suka yi ca a kansa, har kamfanin ya janye lambar daga Pentium 4 da ta biyo baya.

A waya, irin wannan lamba ita ce IMEI. Duk wanda ya danna *#06# zai gan ta. Alƙalumanta 15 ne: takwas na farko suna nuna samfurin wayar, shida na biye su ne lambar wannan waya ita kaɗai, na ƙarshe kuma na tantance cewa ba a yi kuskuren kwafi ba. Waya mai layi biyu, irin wadda ta fi yawa a kasuwannin Arewa, lambobi biyu gare ta. Mutum na iya canja layi, ya goge komai da ke cikin wayar, ya mayar da ita kamar sabuwa, amma lambar tana nan.

Android ta ɗauki tsohon tsarin Unix ta juya shi ta wata hanya mai hikima. Tunda waya ta mutum ɗaya ce, maimakon a ba mutane lambobi sai aka ba manhajoji. Kowace manhaja da aka saka tana samun lambarta, daga 10000 zuwa sama, ƙwaya kuma tana kallonta a matsayin baƙo dabam. Shi ya sa manhajar wasa ba ta iya leƙa fayilolin manhajar banki. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne mai wayar kansa ba shi ne lamba 0 ba. Ya saya da kuɗinsa, amma ba a miƙa masa mabuɗin turaka ba.

A shekarun farko, duk da haka, ƙofar IMEI kusan a buɗe take. Manhaja takan jera izinin da take so a lokacin saka ta, mutum ya amince da su duka ko ya haƙura da ita. Izinin sanin halin kira, wanda kusan kowa ke amincewa da shi ba tare da karantawa ba, shi ne kuma ke ba da IMEI. Kamfanonin talla suka mayar da lambar igiyar da suke ɗaure bayanan mutum da ita: abin da ya yi a wannan manhaja da abin da ya yi a waccan duk a tara su ƙarƙashin lamba ɗaya. Kamfanin Apple ya riga ya rufe irin wannan ƙofa, domin daga Mayun 2013 ya daina karɓar manhajojin da ke karanta lambar dindindin ta iPhone.

Google ya bi a hankali. Android 6, ta 2015, ta sa manhaja ta riƙa neman izini a lokacin da take buƙatarsa, mutum kuma yana iya hanawa ko ya janye daga baya. A wannan fitowa ce kuma aka hana manhajoji sanin lambar dindindin ta na'urar Wi-Fi da ta Bulutut. Duk wadda ta tambaya sai a ba ta lambar bogi guda ɗaya, 02:00:00:00:00:00. Sai a Android 10, ta 2019, aka mayar da IMEI da lambar siriyal turaka ɗungurungum. Daga nan manhajar da mutum ya sauko da ita ba ta samun su ko da mai wayar ya yarda, sai manhajojin tsarin kansa da na kamfanin layi da 'yan kaɗan makamantansu.

Abin da ya faru tsakanin 2015 da 2019 ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya nuna cewa rufe ƙofar gaba ba ya wadatarwa. A 2019 Joel Reardon na Jami'ar Calgary ta Kanada da abokan aikinsa suka bayyana sakamakon binciken manhajoji fiye da 88,000. Sun tarar da wasu da aka hana su izinin sanin wurin da mutum yake, amma suka zagaya ta baya. A cikin /proc akwai wani fayil da ƙwaya ke rubuta lambar na'urar Wi-Fi da wayar ke haɗe da ita, an kuwa bar shi kowa ya karanta tun zamanin da ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai. Tunda akwai kamfanonin da suka tara taswirar inda irin waɗannan na'urori suke, sanin lambar daidai yake da sanin gidan da mutum ke zaune. Sun kuma tarar da wata dabara: manhajar da ke da izinin karanta IMEI sai ta rubuta lambar a wani ɓoyayyen fayil a katin ajiya, 'yar'uwarta da aka hana ta zo ta ɗauka. Da ɗan gari akan ci gari. Android 10 ta toshe wannan sashe na /proc.

Ko Wutar da Na'ura ke Sha Tana Magana

Lambar siriyal ko yaro ya san abin ɓoyewa ce. Abin da ya fi wuyar ganewa shi ne yadda bayanin da ba ya ɗauke da sunan kowa zai zama haɗari.

An fara ganin alamar haka a batir. A 2015 Lukasz Olejnik da abokansa suka nuna cewa manhajar shiga intanet ta Firefox, a kan Linux, tana gaya wa shafuka yawan cajin batir da ƙididdiga mai zurfi ƙwarai, har ana iya amfani da ita a gane cewa wanda ya ziyarci wannan shafi shi ne ya ziyarci wancan. A 2017 masu Firefox suka hana shafuka wannan bayani.

Babban misalin kuwa ya zo a Nuwamban 2020. Tun daga 2011 ƙwaƙwalen Intel suna ɗauke da wata mita ta cikin gida, mai suna RAPL, wadda ke ƙirga wutar da ƙwaƙwalwar ta sha. An yi ta ne don a iya taƙaita zafi da tsimin wuta. Linux ta baje wannan ƙidaya a /sys da lamba 444, domin a ganin kowa karatun mita ba asiri ba ne. Sai masu bincike daga Jami'ar Fasaha ta Graz a Ostiriya, da cibiyar CISPA ta Jamus, da Jami'ar Birmingham ta Ingila, cikinsu har da Moritz Lipp da Daniel Gruss, suka fito da wani hari da suka sa wa suna PLATYPUS.

Yadda abin yake shi ne, wutar da ƙwaƙwalwa ke sha tana ɗan bambanta gwargwadon lambobin da take sarrafawa. Wanda ya daɗe kusa da injin niƙa yakan gane daga ƙararsa ko dawa aka zuba ko masara, ba tare da ya leƙa ba, domin nauyin aikin yana canja kukan injin. Haka lamarin yake a nan, sai dai bambancin ƙanƙane ne ƙwarai, sai an auna sau dubbai an yi lissafi kafin ya fito. Wannan ilimi ba sabo ba ne. Tun a 1998 Paul Kocher da abokansa suka nuna ana iya zaro mabuɗin sirri daga katin banki mai ƙwaƙwalwa ta hanyar auna wutarsa. Amma wancan yana buƙatar ɓarawo ya riƙe katin a hannu ya jona masa na'urar awo. Sabon abin da PLATYPUS ya nuna shi ne ba a buƙatar ko ɗaya: na'urar awon tana cikin kwamfutar, ƙwaya kuma tana miƙa karatunta ga duk wanda ya yi sallama. Da wannan suka zaro mabuɗan sirri daga cikin ƙwayar kanta da kuma daga wani keɓantaccen sashe da Intel ya gina musamman don ɓoye asirai, suka kuma gano inda ƙwaya ke ɓuya a cikin ma'adanar na'ura, alhali ana sauya mata wuri a kowane kunnawa don kada a same ta.

Maganin da masu Linux suka yi a wannan wata gajere ne: suka mayar da fayil ɗin daga 444 zuwa 400. Intel kuma ya fitar da nasa gyaran. Alƙalami biyu aka canja, amma an shekara da shekaru ana tafiya da ƙofar a buɗe kafin wani ya lura cewa ƙofa ce.

Kuɗin Kulle Ƙofa

Kada a ɗauka kowa ya yi murna. Akwai ɗimbin mutanen kirki da ke karanta wannan mita: masu binciken tsimin wuta, masu kula da manyan ɗakunan kwamfuta, da talakan mai kwamfuta da ke son sanin abin da ke cinye masa batir. Da gari ya waye manhajojinsu suka daina aiki sai an ba su matsayin shugaba. Irin wannan mita ta ƙwaƙwalen kamfanin AMD ma an kulle ta a lokacin, sa'an nan a 2021 aka cire tafintanta daga Linux 5.13 gaba ɗaya, domin sashen da aka ajiye ta an gina shi ne bisa sharaɗin cewa kowa na iya karanta abin da ke cikinsa, mai kula da sashen kuwa bai yarda a karya sharaɗin ba.

A nan ne matsalar take da sarƙaƙiya. Idan aka tsananta kulle, mutane sukan gaji su ɗauki hanya mafi muni. Wanda aka hana shi karanta zafin na'urarsa sai ya riƙa tafiyar da kowace manhaja a matsayin shugaba, ko ya mayar da fayiloli 777, watau kowa ya karanta ya rubuta ya aiwatar. Wanda ya yi haka don ya ga abu ɗaya ya miƙa mabuɗin gidan duka. Hanyar da ta fi dacewa tana cikin tsarin tun asali, ita ce lamba ta tsakiya. Shugaba na iya kafa ƙungiya, ya sa amintattun manhajoji a ciki, ya mayar da fayil ɗin 440, sauran jama'a su tsaya a zaure. Haka Linux ta daɗe tana yi da na'urorin sauti da na hoto. Aibin wannan hanya ɗaya ne, tana buƙatar wanda ya san yadda ake yi, irinsu kuwa ba su da yawa ko a birane.

Yadda Abin ya Shafi Kankiya da Kusada

Kariyar da aka bayyana a sama tana bin shekarun babbar manhajar da ke cikin waya. Wayar da ke kan Android 10 ko sama da haka tana ɓoye IMEI. Wadda ta tsaya a 8 ko 9 tana bayarwa ga duk manhajar da aka amince wa izinin kira. Wadda ba ta kai 6 ba kuwa ko tambaya ba ta yi bayan an saka manhajar. A garuruwan da ake yawan sayen waya ta hannu, a riƙe ta har sai ta mutu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wayoyi masu araha kuma ba kasafai suke samun sabuntawa na dogon lokaci ba. Sakamakon haka, wanda ya fi ƙarancin hali shi ne ya fi zama da tsofaffin ƙofofi.

Hanyar da manhaja ke shiga waya ita ma abin dubawa ce. Saboda tsadar data da raunin sabis a ƙauyuka, da yawa ba daga shagon Google suke saukewa ba, tura musu ake yi ta Xender ko Bulutut daga wayar aboki ko kwamfutar mai tura finafinai. Dokokin shagon ba su bin irin wannan manhaja. Misali, bayan koke-koken da aka yi a kan manhajojin ba da rance masu kwashe lambobin mutane su riƙa aika wa dangin wanda ake bi bashi saƙon cin mutunci, Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a Maris na 2022, Google kuma ya hana irinsu izinin karanta lambobi da hotuna daga ƙarshen Mayun 2023. Wannan hani na shago ne. Manhajar da aka turo a rumfa ba ta bi ta shago ba, saboda haka abin da ya rage tsakaninta da lambobin mutum shi ne tsarin izinin wayar da kuma yatsan mai ita a lokacin da aka tambaye shi. Tambayar kuwa sau da yawa da Turanci take fitowa, mai wayar ya danna amincewa don ta kauce masa daga fuska.

Sa'an nan akwai abin da masu gyara ke kira rutin, watau fasa waya don a sami matsayin lamba 0. Yana da amfaninsa, domin da shi ake cire manhajojin da kamfani ya cusa ko a farfaɗo da tsohuwar waya. Amma wayar da aka yi wa haka, duk manhajar da ta sami wannan matsayi ta wuce tambaya, shi ya sa manhajojin banki da yawa ke ƙin buɗewa a kanta. Mai waya yana da haƙƙin ya tambayi mai gyara ko an yi mata wannan aiki kafin ya karɓa.

Wajibi ne kuma a san iyakar abin da ƙwaya ke iya tsarewa. A Mayun 2021 hankalin jama'a ya tashi a Nijeriya bayan labarin cewa za a tilasta wa kowa miƙa lambar IMEI ga Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC. Labarin ya samo asali ne daga sabuwar manufar rajistar layukan waya da gwamnatin Muhammadu Buhari ta ƙaddamar, wadda ta ambaci kafa rumbun lambobin wayoyi don daƙile sata da jabun kaya. Hukumar ta fito ta ce ba ta umarci kowa ya kawo lambarsa ba. Abin da ba a faye bayyanawa ba a lokacin shi ne kamfanin layi ba ya buƙatar a kawo masa. Waya tana iya miƙa IMEI ga turken sadarwa a duk lokacin da ta haɗu da shi, ta wani sashe na rediyo da ke da tasa manhajar dabam, kuma babu izinin da mai waya zai janye ya hana. Da wannan ne jami'an tsaro ke bin sawun wayar da aka sace ko da an canja mata layi, shi ya sa rubuta lambar a takarda a ajiye a gida yake da amfani. Abin da ke iyakance yadda kamfani ko hukuma za su yi da irin wannan bayani doka ce, irin Dokar Kare Bayanan Jama'a da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023.

Haka nan ƙwaya manhajoji take tantancewa, ba ta san hannun da ke riƙe da waya ba. Wayar da aka bari a rumfar caji ba tare da kulle fuska ba, duk wanda ya ɗauka shi ne mai ita a wurinta: zai danna *#06# ya kwafe lambar, zai iya saka manhaja ya amsa mata duk tambayoyin izini da kansa, ya mayar da wayar inda take. Wanda ya karɓi wayarsa daga irin wannan wuri yana iya shiga sashen saituna, ya buɗe jerin izini, ya ga waɗanne manhajoji ne ke riƙe da izinin kira da na lambobi da na wuri da na makirfo. Idan ya tarar da manhajar tocila a cikin masu izinin karanta lambobin mutane, yana iya janye izinin a nan take, matuƙar wayar ta kai Android 6.